Wa Ke Ƙirga Namun Dajin Jado?



Kowane makiyayi, in ya koro bisashensa gida da almuru, yakan tsaya bakin garke ya ƙirga su. In akuya ɗaya ba ta dawo ba, ya sani tun kafin ya ci tuwo. Sai ya ɗauki sanda da fitila ya bi sawu. Wanda bai ƙirga ba kuwa, sai bayan kwana uku zai farga, lokacin nan kura ta riga ta yi aikinta.

To, namun daji fa? Itatuwa da ciyayin daji fa? Su ma dukiya ne. Amma ba su da garke, ba su da mai tsayawa bakin ƙofa. In sun ragu ba a sani ba, sai ran da yaro ya tambayi kakansa yadda jimina take.

Yau za mu ba ku tarihin masu ƙirga namun daji da itatuwa a arewacin ƙasarmu Nijar. Za mu fara daga Jado, mu zagaya Abzin da Tarmit, sa'an nan mu komo Jado.

INA NE JADO?

Jado yana cikin jahar Agadas, can ƙuryar arewa maso gabas, wajen iyakarmu da Libiya da Aljeriya. In ka tashi daga Agadas ka yi gabas, za ka ratsa babbar hamadar Tenere. Bayan tafiyar kamar kilomita 600 sai ka isa Bilma, garin gishiri, inda kantu da beza ke fitowa. Wannan yankin shi ake kira Kawar. Daga Bilma sai ka yi arewa, ka wuce Dirku da Sigidin. Bayan fiye da kilomita 200 sai ka isa Shirfa. Kusa da Shirfa tsohon garin Jado yake. Bayansa kuma ga tudun duwatsu mai faɗi, da kwazazzabai da busassun koramu. Duk sunansu Jado.

Ruwan sama ba ya zuwa can sai jefi-jefi. A Maraɗi akan sami kamar milimita 500 a shekara. A Bilma ko milimita 20 ba a samu. Wata shekara ma ko ɗigo ba ya sauka. Duk da haka ƙasar ba kango ba ce. Akwai ragon dutse a cikin duwatsu. Akwai barewa a filaye. Akwai dila da yanyawa. A cikin koramu akwai kandili da goruba da tumfafiya. Inda ruwan ƙasa ke kusa kuma ga dabino.

MASU ƘIDAYA NA FARKO

Waɗanda suka fara rubuta namun dajin Jado ba su san alƙalami ba. Dutse ne takardarsu. A kwarin Balaka da sauran koramun Jado, akwai zane-zane a jikin duwatsu. Ga raƙumin dawa, ga giwa, ga karkanda, ga jimina, ga shanu masu manyan ƙahoni. Mutanen da suka zana su sun rasu tun shekaru dubbai, amma zanen yana nan.

Mutum ba ya zana giwa daidai in bai taɓa ganinta ba. Giwa kuwa ba ta zama inda babu ruwa da ganye mai yawa. Ashe ke nan Jado ya taɓa zama daji kore. Masana sun tabbatar da haka. Sun ce daga kamar shekara 10,000 da suka wuce zuwa kamar shekara 5,000, hamadar nan tana da tafkuna da koramu masu gudu.

A shekara ta 2000 aka gano wani wuri a Tenere mai suna Gobero. An sami kaburbura kamar 200 a bakin wani tafki da ya ƙafe tun tuni. An sami ƙasusuwan dorina da kada da giwan ruwa. An ma sami kabarin wata yarinya da munduwa a damtsenta, ta haƙorin dorina. Yau wurin rairayi ne zalla.

Sannu a hankali ruwan sama ya ja baya. Giwa da dorina suka yi kudu. Waɗanda suka iya ƙishirwa su suka zauna. Wannan canji daga Allah ne, ya ɗauki shekaru dubbai. Amma akwai wani canji da ya zo daga baya, wanda bai kai shekara ɗari ba. Shi wannan da hannun mutum a ciki. Za mu zo kansa.

GARIN DA AKA BARI

Jado yana kusa da tsohuwar hanyar fatake, wadda ta tashi daga Barno ta bi Kawar zuwa Fezzan da Tarabulus. Barebari sun zauna a garin shekaru aru-aru. An gina shi bisa dutse, da ƙasa mai gishiri, ɗaki kan ɗaki kamar saƙar zuma. Kusa da shi akwai wani garin irinsa, ana ce da shi Jaba.

Daga baya mutane suka tashi. Hare-hare sun dame su. Ga kuma kududdufai a gindin garin, masu tara sauro, zazzaɓi ya yi yawa. Yau babu mai kwana cikin tsohon garin.

An bar garin, amma ba a bar dabinon ba. Dabinon Jado ba ya neman ban ruwa, don saiwarsa tana taɓa ruwan ƙasa. Kowane gindi da mai shi, gado ne daga iyaye. In dabino ya nuna, lokacin da mu nan kudu muke tsakiyar damina, sai Tubawa da sauran masu shi su zo da iyalansu. Su kafa bukkoki, su yi girbi, su koma.

Ku lura da wannan. Abin da ke da mai shi, wanda aka san adadinsa, shi ya daɗe. Tun babu gwamnati, tun babu ma'aikatan gandun daji, mutanen wurin sun riƙe dabinonsu.

BAƘI MASU LITTAFI

Daga nan sai baƙi suka fara zuwa da takarda da alƙalami.

A 1850 wani Bajamushe mai suna Heinrich Barth ya ratsa Abzin ya sauka Agadas. Mutanenmu sun san shi da sunan Abdulkarim. Ya ji Hausa. Duk inda ya bi yana rubuta itatuwa da dabbobin da ya gani ko ya ji labarinsu. Ya rubuta cewa akwai zaki a duwatsun Abzin. Yau babu zaki ko ɗaya a can. Da bai rubuta ba, da mun ce tatsuniya ce. A 1855 ya koma gida ta hanyar Bilma da Kawar.

A arewacin Najeriya kuma wani likita mai suna Dalziel ya bi malamai da manoma da masu magani yana tambayar sunayen itatuwa. A 1916 ya buga littafi na sunayen tsire-tsire da Hausa. Har yau masana na buɗa shi. Ilimin da ke ciki na mutanenmu ne. Shi dai ya rubuta.

A 1920 wani mutumin Sikotilan, Angus Buchanan, ya taso daga Kano ya shiga Abzin. Aikinsa tattara tsuntsaye da ƙananan dabbobi da malam-buɗe-littafi. Yana busar da su, yana aika wa wani gidan ajiya a Ingila. A 1922 ya sake dawowa. Ya bi ayarin gishiri zuwa Faci da Bilma, daga baya ya ƙetare hamada har Aljeriya. Raƙumin da ya hau sunansa Farin Gashi. A cikin littattafan masana, ragon dutsen Abzin yana ɗauke da sunan Angus har yau. Maharban da suka nuna masa inda ragon ke kwana, ba a sa wa ragon sunansu ba.

Ƙarshen 1959 zuwa farkon 1960 wani ayari na daban ya zo daga Faransa. Manyan motoci tara ne na kamfanin Berliet, ɗauke da masana. Sun ratsa Tenere da Kawar suna neman hanyar mota. Sun tattara kayan aikin mutanen da, na dutse. An kuma yi nazarin zaitun na daji da ke bisa dutsen Girebun a Abzin. Zaitun ɗin ragowar zamanin ruwa ne, ya maƙale a ƙwanƙolin dutse inda akwai sanyi.

Waɗannan baƙi sun yi aiki mai amfani. Sai dai abin da suka rubuta ya tafi ƙasashensu, cikin harsunansu. Mutanen wurin da suka ja musu raƙuma, suka nuna musu rijiyoyi, ba su iya karanta shi ba.

ITACIYAR TENERE

Labarin itaciya ɗaya ya isa ya nuna abin da ya faru bayan nan.

A kan hanyar Agadas zuwa Bilma akwai wata kandili tilo. Babu wata itaciya kusa da ita, sai an yi tafiyar kwana da kwanaki. Ayari bayan ayari suna wucewa, da dubban raƙuma. Babu wanda ya sare ta don dafa shayi. Babu wanda ya bar raƙuminsa ya cinye ta. Ba doka ce ta gwamnati ba. Madugai ne suka san darajarta, don ita ce alamar hanya.

Tsakanin 1938 da 1939 aka gina rijiya kusa da ita. Masu ginin suka ga saiwarta ta nutsa fiye da mita 30 tana biɗar ruwa. A 1973 wani direban babbar mota ya banke ta, ta faɗi. Ran 8 ga Nuwamba na wannan shekara aka kai gangar jikinta gidan tarihi na Yamai. Inda take da, yanzu itaciyar ƙarfe aka kafa.

Abin da mota ta yi wa itaciyar, shi ta yi wa namun daji. Da can maharbi da ƙafa yake tafiya, ko bisa raƙumi, da tarko da mashi da karnuka. In ya sami ɗaya ya gode Allah. Da mota da bindiga mai aman wuta suka shigo, sai mutum ya kashe garke guda kafin azahar. Ga fari na 1973 da na 1984 sun ƙone ciyawa. Mariri, mai dogayen ƙahoni kamar takobi, wanda ke yawo garke-garke a ƙasarmu, an daina ganinsa a Nijar cikin shekarun 1980. A shekara ta 2000 aka bayyana cewa babu sauran irinsa a daji duk duniya, sai a gidajen ajiyar dabbobi.

GANDUN ABZIN DA TENERE

Ganin haka ya sa gwamnati ta tashi. Ma'aikatan gandun daji na Nijar suka haɗa kai da ƙungiyoyin duniya masu kare halittu. Wani Bature mai suna John Newby yana cikin waɗanda suka yi shekaru suna wannan aiki. Suka zauna Iferuwan, suka bi kwari-kwari suna rubuta abin da ke akwai. An sami irin tsire-tsire fiye da 350, irin tsuntsaye 165, da irin dabbobi masu shayarwa kamar 40.

A 1988 aka kafa gandun Abzin da Tenere. Faɗinsa murabba'in kilomita 77,360, wato ya fi ƙasar Togo girma. A 1991 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren gadon duniya.

Wannan gandu ya bambanta da irin na zamanin Turawa. Ba a kori mutane ba. Abzinawa suka ci gaba da kiwonsu da noman garka. Abin da aka hana shi ne farauta da sare ɗanyen itace barkatai. Aka kuma sami wakilai daga cikin mutanen kwaruruka, suna sa ido, suna kai labari. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Amma zaman lafiya shi ne uwar kome. Da tawaye ya tashi a arewa farkon shekarun 1990, aikin ya tsaya. A 1992 aka sa gandun cikin jerin wuraren da ke cikin haɗari. Kafin rikicin, jiminun Abzin sun kai kamar 1,600. Aka sa hannu kan sulhu ran 24 ga Afrilu 1995. Da masu ƙidaya suka komo, sai suka tarar kusan babu jimina a daji. Waɗanda suka tsira su ne ƴan kaɗan da wasu magidanta suka riƙe a gidajensu suna ciyarwa.

Daga wajen 2006 aka sake sabon shiri. Aka sa ƙananan hukumomin Iferuwan da Timiya da Tabelot da Gugaram cikin riƙon gandun. Aka ɗauki ƴan ƙasa aikin tsaron daji.

YADDA AKE ƘIDAYAR

Wani zai ce, yaya za a ƙirga abin da ba ya tsayawa wuri ɗaya? Ga yadda ake yi.

Ba a iya bin kowane lungu. Sai a ja layuka miƙaƙƙu a kan taswira. Mota ko raƙumi ko jirgin sama ya bi layin. Duk dabbar da aka gani sai a rubuta irinta da yawanta, maza nawa, mata nawa, ƴaƴa nawa. A rubuta wurin da na'ura mai aiki da tauraron ɗan Adam. Kamar yadda manomi kan duba ƴan kunya kaɗan ya kintaci damin da gona za ta ba shi, haka masana ke kintatar yawan dabbobin ƙasar duka.

Ba dabba kaɗai ake rubutawa ba. Ana rubuta sawu da kashi da ƙasusuwa. Ana rubuta sawun mota da ƙwanson harsashi. Duk bayan ƴan kilomita sai a tsaya a duba ciyawa da itatuwa. Wace iri ce? Ɗanya ce ko busasshiya? Akwai ƙananan itatuwa masu tasowa, ko sai tsofaffi? In an ga tsiron da ba a sani ba, sai a tsinko reshe da furensa, a danne shi tsakanin takardu ya bushe. A rubuta ranar da wurin, da sunan da mutanen wurin ke kiransa.

Akwai kuma kamara mai ɗaukar hoto da kanta. Ana ɗaure ta jikin dutse ko itace a tafi. Duk abin da ya gifta sai ta ɗauka, dare ko rana. An kafa irinta a dutsen Takolokuzet na Abzin don lura da mena. Kun san mena, ita ce aka sa wa ƴan ƙwallon ƙasarmu sunanta. Waɗanda suka rage a daji duk duniya ba su kai 300 ba, galibinsu a Nijar da Cadi.

Duk da waɗannan na'urori, aikin ba ya yiwuwa sai da ɗan ƙasa. Shi ke duban sawu ya ce na jiya ne ko na yau. Shi ya san inda hadari ya zuba wata biyu da suka wuce, inda ciyawa ta fito. Na'ura ba ta san wannan ba.

ADAKS UKU

Akwai wata dabba dangin mariri, Turawa na ce mata adaks. Fara ce, ƙahoninta a murɗe. Kofatonta mai faɗi ne, ba ya nutsewa cikin rairayi. Takan yi wata da watanni ba ta sha ruwa ba, ɗanyen ganye ya ishe ta. Da tana ko'ina a Sahara. Amma ba ta da gudu mai nisa. In mota ta kore ta, ko ba a harbe ta ba, sai ta faɗi.

Garkenta na ƙarshe mai yawa yana yankin dutsen Tarmit da rairayin Tin Tumma, kudu da Bilma. Ƙungiyar kare namun Sahara, wadda aka kafa a 2004, ta yi ta ƙidaya a can tare da ma'aikatanmu. Makiyaya Tubawa na yankin suna cikin aikin, suna kai labarin abin da suka gani. Wajen 2007 zuwa 2010 an kintata adaks kamar 200 ne. A watan Maris 2012 gwamnati ta kafa gandun Tarmit da Tin Tumma, mai faɗin murabba'in kilomita 97,000 a lokacin.

Amma tun 2008 aka fara aikin man fetur a Agadem, cikin ƙasar adaks ɗin. Manyan motoci suka shigo. A 2011 kuma gwamnatin Libiya ta faɗi, makamai da motoci suka bazu cikin hamada.

A watan Maris 2016 aka sake ƙidaya. Jirgin sama ya yi awa 18 yana shawagi, ya bi layuka fiye da kilomita 3,200. Bai ga adaks ko ɗaya ba. Masu tafiya ta ƙasa suka yi fiye da kilomita 700. A ƙarshe suka sami sawu, suka bi, suka tarar da guda uku, a firgice. Ƙungiyar IUCN ta ce hayaniyar aikin mai ce ta jawo haka, da farautar da wasu masu tsaron wurin suka yi. Daga 2019 kuma aka sake shata iyakar gandun saboda haƙar man.

Labarin ba daɗi. Amma ku duba, don an ƙirga a baya shi ya sa aka gane an yi asara. Da ba a san 200 ba, da ukun nan ba su tayar wa kowa da hankali ba.

ABIN DA YA DAWO

Ba kullum ƙidaya ke kawo baƙin labari ba.

Raƙuman dawa na Kure, kusa da Yamai, su ne suka rage a duk Afirka ta Yamma. A 1996 an ƙirga 49 kacal. Kowane raƙumin dawa da irin zanen jikinsa, ba ya kama da na wani. Sai aka riƙa ɗaukar hotonsu ɗaya-ɗaya kowace damina, tare da jagorori ƴan ƙauyukan wurin. Aka hana kashe su. Aka taimaki ƙauyuka da rijiyoyi da rance, don su haƙura da ɓarnar wake. Kafin 2018 sun wuce 600. A wannan shekarar aka ɗauki 8 aka kai gandun Gadabeji, cikin jahar Maraɗi.

Mariri ma ya dawo, a Cadi. A 2016 aka kawo wasu daga Abu Dabi aka sake su a daji. Suka hayayyafa. A 2023 aka cire sunan mariri daga jerin dabbobin da suka ƙare a daji.

A Kelle, cikin ƙasar Kutus ta jahar Damagaram, an kafa wurin kiwon jimina. Ƙungiyar mutanen Kutus tana cikin masu riƙonsa. Burinsu wata rana a mayar da jimina daji.

A duk waɗannan wurare abu biyu suka haɗu. Akwai ƙidaya a rubuce, shekara bayan shekara. Akwai kuma mutanen wurin da suka ɗauki abin a matsayin nasu.

MU KOMO JADO

A 2006 Nijar ta sa tudun Jado da tsohon garinsa cikin wuraren da take fata su shiga gadon duniya.

A watan Afrilu 2014 aka sami zinariya a Jado. Kafin a ce me, dubban mutane sun cika wurin. Ga ƴan Nijar, ga ƴan Cadi da Sudan da Libiya. Watakila har daga ƙauyenku wani ya tafi. Waɗansu sun samu, sun gina gidaje, sun yi aure. Waɗansu sun dawo hannu wofi. Waɗansu ba su dawo ba. A 2017 gwamnati ta ba da umurnin rufe wurin, amma neman zinariya a arewa bai tsaya ba.

Babu mai zargin talaka don ya tafi neman abinci. Amma mu yi lissafi. Mutum dubu suna son itacen girki kowace rana. Suna son ruwa, suna son nama. A ƙasar da ruwan sama ba ya zuwa, kandili ɗaya takan yi shekaru masu yawa kafin ta yi inuwa. Gatari kuwa ba ya ɗaukar awa guda. In itacen kwari ya ƙare, barewa da ragon dutse ba su da abin ci a rani. Raƙumin Batube ma haka. Zinariya in an kwashe ta ƙare. Mai dabino da mai raƙumi su ne za su zauna da abin da ya saura.

Saboda haka ƙidayar Jado ba ta jiran baƙo. Baƙo yakan zo sati biyu ya tafi. In an yi rikici ma ba ya zuwa, kamar yadda muka gani a Abzin. Mai zama a wurin shi ke gani kullum.

AIKIN MAI KARATU

Ƴan'uwa, a nan karatunku ya shigo. Wannan magana ba ta mutanen Jado ba ce su kaɗai. Kowane ƙauye yana da dajinsa, ko tudu ne, ko fadama, ko makiyaya.

Ku sami littafi ɗaya na ƙauye. Ku ba wanda ya iya rubutu ya riƙe. Ku fara da tsofaffi. Ku tambaye su namun dajin da suka sani suna yara, da itatuwan da ake ci ko ake magani da su. Ku rubuta sunayen duka da harshenku. Ku sa alama a kan waɗanda ba a gani yanzu. Tsoho in ya rasu, da saninsa yake tafiya.

Bayan haka, duk wanda ya ga wani abu a daji ya zo ya faɗa. A rubuta abu huɗu: ranar, wurin, abin da aka gani, da yawansa. In sawu ne a ce sawu ne. Kada a ƙara gishiri. In barewa biyu ka gani, ka ce biyu. Ƙidayar ƙarya ta fi rashin ƙidaya ɓarna.

Ku zaɓi wuri ɗaya, kamar kewayen rijiya ko bakin korama. Ku ƙirga gawo da aduwa da magarya da anza da ke wurin. Ku ware manya da ƙanana. Baɗi war haka ku sake ƙirgawa. In ƙananan ba sa ƙaruwa, to, ku zauna da mai gari ku yi shawara tun da wuri.

Mata su sa baki. Su ke zuwa itace, su ke tsinkar ganyen miya. Su suka fara sanin abin da ya yi nisa.

In baƙi sun zo da mota suna farauta, ku rubuta ranar da irin motar, ku kai wa mai gari da ma'aikatan gandun daji. Kada ku tare su da kanku. In ma'aikata ko masana sun zo, ku nuna musu littafin su kwafa, amma littafin ya kwana a ƙauye. Ran da za a yi maganar dajinku a gaban hukuma, mai takarda a hannu ake saurara wa.

Mutanen da suka zana giwa a dutsen Jado sun bar mana shaida, ga shi muna karantawa bayan shekaru dubbai. Mu da Allah ya ba alƙalami, kada mu kasa su.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.

TAMBAYOYI DON HIRA A AJI

1. Me zanen duwatsun Jado ya nuna mana game da ƙasar a zamanin da?
2. Me ya sa ayari ba su sare itaciyar Tenere ba?
3. Raƙuman dawa nawa aka ƙirga a Kure a 1996? Me ya sa suka ƙaru?
4. Waɗanne namun daji da itatuwa ne suka ɓace a ƙauyenku? Ku rubuta sunan biyar.